Ɗaukar jariri hoto a ɗakin jego mai ƙarancin haske

Tambaya: Yayata ta haihu yau kwana uku. Ɗakin da take jego taga ɗaya ce da shi, ƙarama, ga labule mai kauri, wutar lantarki kuma ba ta zama. Duk hoton jaririyar da na ɗauka sai ya fito dishi-dishi ko ya yi rawaya, in na kunna filasha kuma Inna ta ce zan makantar mata da jika. Ina da waya Tecno, sannan yayanmu ya ara mini kyamararsa Canon da gilashin da aka sayo ta da shi. Yaya zan yi in samu hotuna masu kyau kafin ranar suna?

Amsa: Barka da arziki, ƙanwata. Allah Ya raya ta, Ya ba mai jego lafiyar shayarwa.

Kafin ki taɓa komai a waya ko a kyamara, ki shiga ɗakin da hantsi ki dubi inda aka kwantar da jaririyar. Ina kyautata zaton tana can ƙuryar gado, jikin bango, cikin gidan sauro, wato inda ya fi ko'ina duhu. Haka nake tarar da jarirai a kusan duk ɗakin jegon da aikin hoto ya kai ni, kuma iyaye na da hujjarsu, suna guje wa iska da sanyi da hannun yara. To amma wurin barci daban, wurin hoto daban. Abin da zai gyara miki hotunan nan, fiye da duk saitin da zan zayyana miki, shi ne a matso da ita kusa da taga ko bakin ƙofa na minti goma ko sha biyar.

Idon mutum yana sabawa da duhu, shi ya sa kike ganin ɗakin da haske alhali kyamara tana fama. Akwai ma'aunin haske da ake kira lux. Ɗakin da ƙwan lantarki ɗaya ke haskawa ba kasafai yake wuce lux 100 ba, ita kuwa inuwar tsakar gida da rana dubbai take kaiwa. Sannan hasken da ya shigo ta ƙaramar taga irin taku yana raunana da sauri sosai. Idan kika ninka tazarar da ke tsakanin jaririya da tagar, kusan kashi ɗaya cikin huɗu na hasken ne zai iso gare ta. Ki ninka kuma, saura kashi ɗaya cikin sha shida. Babu wayar da za ki saya yau, komai tsadarta, da za ta mayar miki da abin da wannan tazarar ta cinye.

Ba sai an fitar da ita waje ba, kuma kada ki ma fara wannan maganar da Inna. Gidaje da yawa ba sa fitar da jariri kafin suna. Ki buɗe ƙofar ɗakin, ki ɗage labulen gaba ɗaya, ki shimfiɗa ƙaramar katifa ko bargo mai kauri a ƙasa daga ciki, daidai inda rana ba ta taɓawa. Sau da yawa ƙofa ta fi taga amfani a gidajenmu, don ta fi girma kuma haskenta yana saukowa har ƙasa. Hasken da ya daki tsakar gida ya dawo cikin ɗaki mai laushi ne, shi fatar jariri ke so. Idan iska na kaɗawa ko sanyin hunturu ne, sai ki koma taga, a bar jaririya a naɗe cikin shawul ɗinta.

Lokaci mafi kyau daga wajen ƙarfe tara zuwa sha ɗaya na safe, sai kuma bayan la'asar kafin rana ta yi ja. Rana ta shigo ta faɗa kan fuskarta kai tsaye, wannan kam a'a: za ta yamutsa fuska, rabin hoton ya ƙone fari fat, rabi ya yi baƙi. In tagar tana kallon rana a wannan lokacin, ki rataya farin mayafi mara kauri ko farin zanin gado a jikinta, hasken zai baje. Za ki iya karantawa a wurin masu hoto na Turai da Amurka cewa taga mai kallon arewa ita ce rana ba ta taɓa shiga. A ƙasashensu kusan haka ne. A wajajen Kano da Katsina da Maraɗi, daga ƙarshen Afrilu zuwa tsakiyar Agusta rana ta ɓangaren arewa take bi, saboda haka ki bar lissafin arewa da kudu, ki sa ido kawai ki ga ƙarfe nawa rana ke barin tagarku.

Yanzu kwanciyar. Ki sa kanta ya zama shi ne ke kusa da haske, ƙafafu suna nesa, a ɗan karkace, yadda hasken zai gangaro daga goshi zuwa haɓa. Alamar kin dace ita ce ki ga 'yar inuwa siririya a ƙarƙashin hancinta. Idan aka juya ta, haske ya taso daga ƙafa ya shiga ta ƙasan hanci, fuskar takan yi wani iri, ko ba ki san dalili ba za ki ji hoton bai kwanta miki ba. Ke kuma kada ki tsaya tsakaninta da tagar, kin tare hasken ke nan. Ki koma gefe. Kada kuma ki ɗauka daga wajen ƙafafunta kina kallon sama, kafofin hanci kawai za su cika hoton. Ki zo daidai fuskarta, ko ki ɗan fi ta tsawo kaɗan. Ɓangaren fuskar da ba ya kallon taga zai yi duhu. Ɗan duhun nan ana so, shi ke fitar da kumatu da leɓe. In ya yi yawa, wata ta riƙe farin tawul ko farin kwali a wancan gefen, kamar kamu biyu daga fuskar, zai mayar da haske. Ki gwada matso da shi da janye shi kina kallon fuskar wayar, da idonki za ki ga bambancin.

Sai maganar rawaya da kika yi. Kowane haske da launinsa. Hasken rana yana wajen 5500 a ma'aunin Kelvin, tsohon ƙwan lantarki mai zafi yana wajen 2700 shi ya sa yake rawaya, fitilu masu caji da tocila kuwa yawanci suna ɗaukar shuɗi-shuɗi. Kyamara tana iya gyara launi ɗaya, amma in kika haɗa mata biyu ko uku sai ta rikice, gefen fuska ɗaya ya yi rawaya, ɗayan ya yi toka-toka. Saboda haka in za ki yi aiki da taga, ki kashe duk wata fitila da ke ɗakin, ko da an kawo wuta. Ki kuma kula da abin da ke kusa da fuskar: jan bargo ko koren labule ko bango mai fenti shuɗi duk suna shafa wa fata launinsu. Shimfiɗa fara ko mai ruwan madara ko ruwan ƙasa ta fi.

Nan dole in tsaya in ja kunnenki, don ya fi hoton muhimmanci. Idan kin kashe fitilu, kin kai ta hasken taga, amma har yanzu kina ganin rawaya a fatarta ko a farin idonta, wannan ba laifin kyamara ba ne, kuma kada ki goge shi da manhajar gyaran hoto. Shawara tana yawan kama jarirai a kwanakin farko, kuma a ɗaki mai duhu ba a ganinta da wuri. Ki danna goshinta ko kan hancinta da yatsa a hankali ki ɗaga, ki dubi launin wurin, ki dubi dasashinta. In akwai rawaya, musamman in tana yawan barci ba ta kama nono sosai, a kai ta asibiti a ranar, ba a jiran suna, ba a kuma tsayawa shanya ta a rana. Mai ɗaukar hoto takan zama ita ce ta farko da ta kalli jariri da kyau cikin hasken gaskiya.

Mu dawo kan wayarki. Fara da goge gilashinta da gefen mayafi mai laushi. Maiƙon hannu kaɗai yana sa hoto ya yi hazo. Ki tsaya a kan 1x, don babban idon wayar shi ne ya fi shan haske. Kada ki ja hoton da yatsu don ya matso, ke ki matsa, amma ba har ki kusa taɓa ta ba, domin in waya ta matso fuska sosai goshi da hanci sukan kumbura. Kamar kamu biyu ya isa, daga baya ki yanke gefen da ba kya so. Ki taɓa fuskar wayar daidai kan idon jaririyar don ta san inda za ta kama, in alamar rana ta fito ki ja ta sama ko ƙasa har fatar ta yi daidai da abin da idonki ke gani. Ki shiga ki kashe duk abin da aka rubuta Beauty. Yana shafe fata ya mayar da ita sumul, ya ƙara mata fari, alhali ɗan jan nan na jariri da ɓawon fatar da ke saɓulewa a hannu da 'yan ƙurajen kan hanci su ne shaidar kwanakin nan, nan da wata guda duk sun tafi.

Akwai kuma wanda aka rubuta Night ko Super Night. Abin da yake yi shi ne ɗaukar hotuna da yawa a jere cikin 'yan daƙiƙu ya haɗa su wuri ɗaya. Ga jaririyar da ta yi nisa a barci yana aiki ƙwarai, matuƙar ke ba ki motsa ba. Ki dafa gwiwar hannunki a kan katifa ko ki jingina wayar da filo, ki sa lokacin jira na daƙiƙa uku don danna maɓallin ma yana girgiza waya. In idonta biyu tana wutsil-wutsil, ki fita daga Night, ki yi ta ɗauka da yawa ki zaɓi wanda ya tsaya. Idan kuma za ki ɗauka daga sama, ki riƙe wayar da hannu biyu, ki zauna ko ki durƙusa. Waya ta kuɓuce ta faɗa kan jariri ba ƙaramin abu ba ne. Kyamara kuwa sai igiyarta tana wuyanki.

Ita Canon ɗin, abu uku take wasa da su, kuma lissafin kamar tarar ruwan sama ne da bokiti: faɗin bakin bokitin, da tsawon lokacin da kika bar shi a waje, da kuma yawan ruwan da kika yarda ya ishe ki. Faɗin baki shi ne lambar da ke da f a gabanta, kuma ƙaramar lamba ita ce babbar ƙofa. Tsawon lokaci shi ne saurin ƙiftawar kyamara, irin su 1/60 da 1/125. Na ukun shi ne ISO: in lambarsa ta ƙaru, haske kaɗan ke isar kyamarar. Gilashin da ake sayar da waɗannan kyamarori da shi yawanci 18-55mm ne. A kan 18 yana buɗewa har f/3.5, amma da kin juya shi zuwa 55 sai ya tsuke zuwa f/5.6, fiye da rabin hasken ya tafi. A kan 18 kuma fuska tana karkacewa in kin matso. Ki tsaya tsakiya, wajen 30 zuwa 35, inda lambar za ta zauna kusa da 4.5.

Ki murɗa maɓallin sama zuwa Av, ki sauke lambar f iya inda za ta tsaya, ki sa ISO a 1600, sannan ki dubi saurin ƙiftawar da kyamarar ta zaɓa. Mai barci 1/60 ya ishe ta. Mai ido biyu tana buƙatar 1/125 ko sama, don hannun jariri ba ya zama. In bai kai ba, ki ɗaga ISO zuwa 3200 kada ki ji tsoro. Mutane suna gudun yashi-yashin da babban ISO ke kawowa, su ƙare da hoton da ya girgiza. Yashin nan ana rage shi, in an wanke hoto a takarda ma da ƙyar ake ganinsa, amma wanda ya girgiza ya tafi ke nan. Maɓallin IS da ke jikin gilashin ki kunna shi, sai dai ki sani rawar hannunki yake tarewa, ba motsin jaririya ba. Wani abu da ke cin masu koyo: farin shawul yana ruɗar kyamara, ta ga fari ya yi yawa ta rage haske, fuska ta yi duhu. Ki nemi alamar +/- ki ƙara zuwa +1 ko ƙasa da haka kaɗan. Wannan ya fi zama dole in mai jego ko Inna ce ke riƙe da ita, don fatar babba ta fi ta jariri duhu. Ki zaɓi ɗigon saiti guda ɗaya, wato wanda ke nuna inda kyamara za ta kama, ki ɗora shi kan gashin idon da ya fi kusa da ke, ki kashe ƙarar nan ta "tit-tit". In kin ga RAW a cikin saitin ki zaɓi RAW+JPEG, zai ba wanda zai gyara miki damar daidaita launi ba tare da hoton ya lalace ba.

Idan yayanku yana da niyyar ƙara kaya, gilashin 50mm f/1.8 shi ne mafi arha da ke sauya aikin ɗaki. A buɗe yana shan haske kusan ninki goma na f/5.6. Sai dai yana da sharaɗi biyu: a ƙaramin ɗaki sai kin ja da baya sosai kafin uwa da 'ya su shiga tare, kuma a f/1.8 abin da ke fitowa tas siriri ne, ido ya fito hanci ya dushe. Ni nakan tsaya a f/2.2 zuwa f/2.8.

Filasha kuma. Likitocin ido ba su ce walƙiyar kyamara tana makantar da jariri ba, haskenta gajere ne ƙwarai. Duk da haka ina bayan Inna a wannan, don dalilin kaina. Filashar da ke fesowa daga gaba tana firgita jariri, ta tashe shi daga barcin da kike buƙata, ta baje fuskar ta sa goshi ƙyalli, bayan kuma ya yi baƙi ƙirin. Wadda ake ɗorawa a saman kyamara a juya kanta ta daki silin ta dawo, wannan tana da kyau in silin ɗin fari ne. A ɗakin da kwano ne tsirara ko rufin azara, hasken can zai maƙale. Ga abu guda da ya kamata kowane gida ya sani: in wani ya ɗauke ta da filasha nan gaba, aka ga tsakiyar baƙin idonta ɗaya ya fito fari, ko ido ɗaya ja ɗaya fari, kuma abin ya maimaitu, a nuna wa likitan ido ba da jinkiri ba. Yana iya zama yanar ido da aka haife ta da ita, ko wata cutar daji ta ido da ke kama ƙananan yara, kuma duka biyun gano su da wuri shi ne magani. Akwai Cibiyar Ido ta Ƙasa a Kaduna, manyan asibitocin koyarwa ma suna da sashen ido.

In dare ya kama ki babu makawa, fitila mai caji guda ɗaya mai ƙarfi ta fi uku marasa ƙarfi. Kada ki haska fuskarta da ita. Ki juya ta ta kalli farin bango ko farin zanin da wata ta riƙe, abin da ya dawo shi za ki yi aiki da shi, daga gefen kai kamar yadda na faɗa a taga. In kin ga ratsi-ratsi masu duhu suna gilmawa a hoton ƙarƙashin ƙwan lantarki, wutar ce ke ƙiftawa. A Najeriya da Nijar zagaye 50 take yi a daƙiƙa, don haka 1/50 ko 1/100 kan kawar da su. Hoton da launinsa ya ƙi gyaruwa kuma ki mayar da shi baƙi da fari a manhajar Snapseed ko Lightroom, jarirai suna kyau a haka.

Duk wannan bayanin ba zai yi amfani ba in jaririya tana jin yunwa. Ki shirya shimfiɗa da labule da saiti tun tana shan nono, ki gwada a kan 'yar tsana ko naɗaɗɗen tawul. In ta ƙoshi ta yi gyatsa, a ba ta minti goma barcin ya yi nauyi, sannan a kwantar da ita. Ki wanke hannu, ki murza su su yi ɗumi kafin ki taɓa ta. Ki roƙi a dakata da turaren wuta sai kin gama, hayaƙinsa yana sa hoto hazo. Garwashi kuwa a ɗaki rufe haɗari ne gare ta ko babu hoto. Kada ki tuɓe ta in akwai sanyi, kada a ƙara mata hoda ko kwalli saboda kyamara. Waɗancan hotunan da kike gani a Instagram, jariri ya tallafe haɓa da hannuwansa ko yana reto cikin zani, hotuna biyu ko uku ne aka haɗa a kwamfuta aka goge hannun babban da ke riƙe da kan. Wuyan ɗan kwana biyar ba ya ɗaukar kansa. A baya ko a gefe a kan shimfiɗa, ko a hannun mutum, nan ne iyakarki.

Shawarata ki yi babban aikinki gobe ko jibi, kada ki bari sai ranar suna. Ranar nan ɗakin cike yake da mata, wasu a bakin ƙofar suke zaune, jaririya tana yawo daga hannu zuwa hannu, ba za ki samu minti biyu na natsuwa ba. Kuma wanzami yana zuwa. Gashin da aka haife ta da shi kwana bakwai kawai yake yi a kanta, saboda haka ki ɗauki kan nan da kyau, daga gaba da gefe da kuma makwarkwaɗar gashin ta baya. Ki ɗauki tafin ƙafarta cikin tafin hannun Inna, ki ɗauki yatsunta sun damƙe yatsan babanta in ya shigo. In haihuwar fari ce, wataƙila yayarki ta ƙi kallon kyamara ko ta ƙi ɗaukar 'yar a gaban mutane saboda kunya. Kada ki matsa mata. Ki jira ɗakin ya zama daga ke sai ita, ki ɗauka daga bayan kafaɗarta yadda fuskar 'yar da hannun uwar ne kawai za su fito. Shekaru kaɗan masu zuwa ita za ta riƙa tambayarki wannan hoton.

Kafin ki sa ko ɗaya a status ko Facebook, ki tambayi uwar da uban. Wasu ba sa son a yaɗa fuskar jariri, kuma 'yarsu ce. Wanda za ki tura wa dangi ta WhatsApp, ki tura shi a matsayin Document, in ba haka ba manhajar za ta matse shi ya rasa kaifinsa, wanda ya je wankewa ya ga ya farfashe. Ki zaɓi guda biyar ko shida da suka fi, ki kai ainihin fayil ɗinsu wurin masu wanke hoto a girman 5x7, ki ce kada su ƙara wa fatar haske.